Ni Na Yi wa Inna Tafinta

Assalamu alaikum. Wata bakwai ke nan da rasuwar mahaifiyata, sai yanzu hannuna ya yarda ya riƙe biro a kan maganarta. Sunana Sahabi, ina koyar da Turanci a wata sakandare a Yelwa, kuma ni ne ɗan farin Inna. Na rubuta wannan ne domin masu jinyar iyaye, musamman wanda aka sa wa nasa batirin zuciya ko ake shirin sa masa. Ni ba likita ba ne, ba zan koya wa kowa magani ba. Kuskure na yi, ina so in faɗe shi tun daga tushe, ko wani ya tsira daga irinsa.

Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ana yaye ni aka kai ni Yelwa wurin gwaggona, a can na tashi, a can na yi karatu. Ita kuwa tana tungarmu kusa da Wara, a bakin ruwa, tana sana'ar bandar kifi tun kafin mahaifinmu ya rasu. Sunan da ta sa mini shi ne "mutumen Yelwa". In na je gaishe ta, daga nesa nake durƙusawa, ta amsa idonta na kan wuta. In tana da saƙo gare ni, ƙanwata Rabi take faɗa wa, ko da ina zaune a wurin.

"Hwaɗa ma mutumen Yelwa ga kihi nan ya tai da shi."

Rabi ta juyo tana danne dariya ta ce, "Yaya, ka dai ji."

Matan yanzu da yawa sun watsar da kunyar ɗan fari, har ka ga uwa na yi wa nata wasa a cikin mutane. Inna ba ta cikin waɗannan. Ba zan yi ƙarya in ce abin bai taɓa sosa mini rai ba, amma na saba, har ina alfahari da shi a gaban abokai, ina cewa uwata 'yar asali ce. Rabi ita ce auta, ita ce bakin Inna da kunnenta. Tana aure a Shanga, amma kusan kullum suna waya.

Ciwon ya fara da jiri da kasala. Matar da ke ɗauko dami guda na itace daga bakin ruwa ba ta tsaya ba, sai ga ta tana zama sau uku kafin ta iso banda. Makon farko mai kemis na Wara ya ce maleriya ce. Mako na biyu ya ce taifot ce, ya sa mata ƙarin ruwa har leda uku. Mako na uku Kawu Ɗanjuma, ƙanin Inna, ya ce shawara ce, ya kawo saiwoyi aka jiƙa. Duk wannan ina Yelwa ban sani ba, sai da Rabi ta kira ni tana kuka.

A asibitin Yelwa wani matashin likita ya riƙe hannunta yana duban agogo, ya saki, ya sake riƙewa. Ya ce zuciyarta ko arba'in ba ta kaiwa a minti ɗaya, kada mu kwana a gida, mu wuce Sakkwato. Allah ya saka wa yaron nan da alheri, ban ko riƙe sunansa ba.

Wanda bai taɓa bin layin babban asibiti ba ba zai gane ba. Layin yankar kati daban, layin biya daban, layin gwaji daban, kuma kowane ka kai gaba sai a ce takarda ɗaya ta rage, koma can baya. Kwana huɗu muka yi kafin mu ga likitan zuciya. Aka manna wa Inna wayoyi a ƙirji, takarda ta fito da zane kamar haƙoran zarto. Likitan mutumin kudu ne, mai haƙuri, Hausarsa ba ta wuce "sannu Mama" da "ina ciwo" ba. Ya zana mini zuciya a bayan takarda, ya ce hanyar da ke kai saƙo daga samanta zuwa ƙasanta ce ta yanke, kuma babu ƙwayar da ke gyara wannan. Sai dai a sa mata ƙaramar na'ura a ƙarƙashin fata, mai waya zuwa cikin zuciya, tana tunatar da ita ta buga. A Abuja za a yi.

Ba zan tsaya lissafin abin da ya tafi ba. Fadamar albasar mahaifinmu ta tafi, babur ɗina ya bi ta. Malaman makarantarmu sun yi mini karo-karo ban roƙe su ba. Maman Talatu, wata Bakambara Kirista da bandarta ke jikin ta Inna shekara da shekaru, ta haɗa matan cocinsu suka sayar da kwandon tarwaɗa suka kawo. Waɗanda nake zaton za su fara zuwa kuwa, wasunsu har yau wayarsu ba ta shiga.

Rabi ta bi mu Abuja da cikinta. Ita ta yi komai na ɗaki, ni ina waje da takardu. Aikin bai kai awa biyu ba, Inna ma idonta biyu aka yi shi. Da ta fito, ƙasan ƙashin wuyanta na hagu ya ɗan tasa kamar an cusa akwatin ashana. Aka ba mu kati, aka ce kada ta ɗaga hannun nan sama sai bayan mako shida, kada ta riƙa ajiye wayar salula a wajen. Na rubuta dokokin nan da manyan baƙaƙe, na sayi fayil mai zif na jera komai a ciki. Ni mutum ne mai son tsari, kuma a lokacin ina ganin tsarina ne ya ceci uwata.

Wata uku muka yi cikin daɗi. Inna ta yi ƙiba, ta koma bandarta. Mutanen tunga suka riƙa zuwa kallon mai batir. Maman Talatu kullum da tsokana:

"Ke tsohuwa, in cajinki ya ƙare ki hwaɗa, in kai ki kasuwa wurin masu cajin waya."

Inna ta ce, "Ke za a hwara kaiwa, bakinki ya hi nawa shan wuta."

A wata na huɗu Rabi ta kira ni. Ta haihu ke nan, tana jego a Shanga.

"Yaya, Inna tac ce ƙirjinta na yi mata lugude. Haka nan kawai, tana zaune, sai shi taso kamar ana daka, har ta ji shi cikin wuya. Shi ɗan jima shi kwanta."

Na ce zan kai ta Sakkwato. Rabi ta ce in ɗan jira ta yi arba'in mu tafi tare. Na ce ciwo ba ya jiran arba'in, kuma me za ta yi a can da ni ba zan iya ba? Turanci ne, ni nake koyar da shi. Ta ce to.

Awa biyar muka yi a mota, ni a gaba, Inna a baya cikin mata. Ban da gaisuwar safe babu abin da ya shiga tsakaninmu. A Jega na sayo ƙosai, sai da na miƙa wa matar da ke kusa da ita, ita ta ba ta.

A ɗakin likita akwai wata nas, dattijuwa, Basakkwata. Da za a buɗe ƙirjin Inna na juya na fuskanci ƙofa. Nas ɗin ta dube ni, ta dubi Inna da ta ja mayafi har ta rufe rabin fuska, sai ta matso ta yi ƙasa da murya.

"Malam, kai na ɗanta na hwari?"

Na ce ni ne.

"To ɗan ba mu wuri. Ni sai in tambaye ta in hwaɗa ma likita."

Wallahi raina ne ya ɓaci. Na ga kamar ana raina Turancina, ana kuma raina wahalar da na sha. Ni na san ranar da aka yi aikin, ni na san sunan kowace ƙwaya, fayil yana hannuna. Na ce mata ta bar shi, na gode, zan iya. Ta ce to Malam, ta koma gefe.

Likita ya yi tambayoyi da yawa, sannan ya ajiye biro ya ce in saurara da kyau. Maganar da ya yi har yau ina jin ta da muryarsa. Ya ce bugawa kaɗai ba ta cika kashe mutum ba, da yawa suna rayuwa da ita har tsufa. Amma bugawa da faɗuwa, wannan wata magana ce daban. In tana suma, ko idonta na rufewa ta tsinci kanta a ƙasa, to yau ba za ta koma gida ba. Ya ce in tambaye ta.

Shekarata arba'in da huɗu, ban taɓa yi wa Inna tambaya a kan jikinta baki da baki ba. Na sunkuyar da kai, ina kallon takalmina.

"Inna, likita ya ce ko kin taɓa hwaɗuwa in abin ya taso?"

Ta juya fuskarta ga bango. "A ce mai da sauƙi."

"Ya ce ko kina suma."

Ta ƙara jan mayafinta. Sannan ta ce, "A'a."

Na ɗago na faɗa wa likita cewa ba ta faɗuwa. Na faɗa da ƙarfin gwiwa, cikin Turanci mai kyau. Ya rubuta.

Daga nan muka shiga abin da ya fi ciwon kansa gajiyar da mutum, wato ciwon da gwaji ba ya gani. Zanen takarda ya fito lafiya. Jini lafiya. Aka rataya mata wata ƙaramar na'ura ta kwana ɗaya da ita, zuciyar nan ta yi lamo kamar ta san ana sauraronta, washegari muna hanyar gida a Koko ta taso. Na gane ne kawai don na hango ta ta madubi ta dafe ƙirji ta runtse ido. Injin da ke karanta abin da batirin ya adana kuma ba kullum yake asibitin ba, wani mutum ne ke zuwa da shi daga nesa bayan 'yan watanni. Aka rubuta mana rana.

Kafin ranar ta zo, dangi sun buɗe nasu asibitin. Wata ta ce hawan jini ne, a sha zoɓo ba sukari. Wani ya ce a daina ba ta man gyaɗa. Kawu Ɗanjuma ya zo har Yelwa ya same ni a ƙofar gida.

"Sahabi, ƙarhe cikin jikin mutum, kuma mutum na zaune bakin ruwa? Mutanen ruwa ba su son ƙarhe. Ku koma a hidda abin ga, mu yi mata na gida."

Na ce, "Kawu, in anka hidda shi, kwana nawa kake ganin za ta yi?"

Ya ce ni dai boko ya cinye ni. Na faɗa masa maganar da bai kamata ɗa ya faɗa wa kawunsa ba, ya kaɗa riga ya tafi. Ya koma ya yi mata hayaƙi da rubutu, ban hana ba, tun da ba su taɓa batirin ba. Yanzu in na tuna, shi aƙalla ya yarda cewa wani abu na damunta.

A wata na shida mai injin ya zo. Aka ɗora wani abu kamar faifai a kan ƙirjinta, likita ya daɗe yana duban allo. Ya ce batirin lafiyarsa ƙalau, wayarsa na zaune daidai. Ya ga wuraren da zuciyar ta yi gudu, amma gajeru ne, bai kuma san abin da ke tayar da su ba. Ya ce in ba ta faɗuwa, ƙwaya ta isa, a sa ido. In kuwa tana faɗuwa, akwai wani irin batir mai ba zuciya wuta ya dawo da ita hanya, sai a fara maganarsa. Ya sake cewa in tambaye ta. Na tambaya, ta ba bango amsa irin ta farko, na fassara.

Na fito ina jin kamar an sauke mini dutse. A raina na riga na yanke hukunci cewa tunani ne. Tsohuwa ce, an sa mata baƙon abu a jiki, mutane na ta tsorata ta. Na aika a gaya mata ta bar banda, hayaƙi ba ya yi mata kyau. Ta aiko a gaya wa mutumen Yelwa ta ji. Washegari ta hura wutarta.

Rabi ta ci gaba da kirana. Yau ya taso da hantsi, jiya ya taso sau biyu. Lokacin jarrabawa ne, takardun yara sun yi mini tsibi, aljihu ya bushe, kuma na gaji. Ranar nan ta kira ina tsakiyar maki.

"Yaya, abin nan fa na Inna..."

Ban bari ta ƙarasa ba. "Rabi, an yi gwaji, an sake, an karanta batirin kansa. Likita ya ce lahiya lau. Ke kin hi likita sani? Kullum sai kin tada min hankali. In kuna ƙara mata tsoro da bakinku, ya za a yi ƙirjinta shi kwanta?"

Ta ce, "Yi haƙuri, Yaya."

Daga ranar kiran ya ragu. In na tambaya sai ta ce da sauƙi. Na ɗauka ƙwayar ce ta karɓe ta, har na gaya wa abokan aikina an dace.

A wata na tara na je ɗaukarta zuwa asibiti, na ga bayan hannunta na dama a naɗe da tsumma. Na tambayi Maman Talatu, don ita ke kusa. Ta dubi Inna kafin ta dube ni, ta ce ƙarfen banda ne ya taɓa ta. Mai banda da ƙuna ai ba baƙin juna ba ne, ban sake bi ta kai ba.

Nas ɗin nan ita ta warware tsumman. Ƙunar ta kama daga wuyan hannu har kusa da gwiwar hannu, ba irin wadda mutum ke samu in ya taɓa ƙarfe ya janye ba. Ta dube ni tsawon lokaci.

"Malam, don Allah ka hita minti biyat kawai."

Rana ta yi, ina tsoron mu rasa motar Yelwa mu kwana a tasha. Na ce mata wani zuwan, yau muna sauri. Likita ya yi tambayarsa karo na uku, na juya ta, aka ba bango amsa, na mayar masa. Aka wanke ƙunar, aka ƙara mana ƙwaya, aka ce mu dawo bayan wata uku. Mun sami mota, har da sauran wuri.

Ba mu kai wata ukun ba. Ranar wata Talata da hantsi ina cikin aji wayata ta yi ta ruri a aljihu. Da na fito na ga lambar Maman Talatu ce.

"Malam, ka zaka. Tsohuwa ta hwaɗi, ba ta tashi ba."

Tana juya kifi a kan banda ta ce wa Maman Talatu ga shi nan ya taso, ta nemi zama, ba ta kai ga kujerar ba. Kafin a kawo ruwa rai ya yi halinsa. Na iso tunga an riga an yi mata wanka. Matan da suka wanke ta suka aiko a tambaye ni yadda za a yi da abin da ke ƙirjinta. Liman ya ce a bar mata shi, kada a taɓa gawa. Da shi muka rufe ta bayan azahar.

Rana ta uku da yamma, mutane sun ragu, Maman Talatu ta zo ta zauna nesa kaɗan da tabarmata. Kuka ya canza mata murya. Tana ba ni haƙuri ne, ba da nufin komai ba, ta ce:

"Ni na ɗauka za ta tashi kamar kullum. Sauran huɗun duk ina yayyahwa mata ruwa ta buɗe ido. Wagga ta biyat ce ta ƙi."

Na ce, "Ta biyar ɗin me?"

Ta rufe bakinta da hannu. Amma magana ta riga ta fita, sai ta ƙarasa. Faɗuwar farko tun kafin in kai ta Sakkwato a wata na huɗu ne, a bakin ruwa. Ta biyu a bayan ɗaki. Ta uku a kan sallaya. Ta huɗu ita ce ta faɗa jikin banda hannunta ya kwanta a kan ƙarfe, ba ta san yana ci ba sai da aka janye ta. Maman Talatu ta sani, Rabi ta sani. Inna ta sa su sun yi alkawari ba za su gaya mini ba.

Ban san yadda na tashi daga wurin ba. Na bi bakin ruwa na yi ta tafiya har na daina jin muryar mutane, na zauna a kan wani jirgi da aka kife, na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Bayan mako biyu na ɗauki fayil ɗina na koma Sakkwato ni kaɗai, na bi layi kamar mara lafiya. Na gaya wa likita komai. Ya cire tabarau ya riƙe kansa. Na tambaye shi, da ya sani, da ta rayu? Ya ce ba zai rantse mini ba, rai ba a hannunsa yake ba, kuma har yanzu bai san abin da ke tayar da bugun ba. Amma da ya ji kalmar faɗuwa sau ɗaya, da bai sallame ta ba. Nas ɗin na tsaye a wurin. Ba ta ce ai na gaya maka ba. Ta ce Allah ya jiƙan Inna, ya ba ni haƙuri. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na san kwana ne ya ƙare, na yi imani da wannan. Amma imanin bai hana ni sanin abin da na yi ba. Na san uwata. Na san ba za ta iya buɗe baki a gabana ta ce ta faɗi a bayan ɗaki zaninta ya kwance ba. Duk tunga an san haka, nas ɗin da ba ta taɓa ganinmu ba ta gane cikin minti ɗaya. Ni ma na sani, sai dai amsar da take bayarwa ita ce wadda nake so in ji, don ita ce mai mayar da mu gida da wuri.

Don haka ga abin da zan ce wa mai jinyar uwa ko uba. Wanda ya iya Turanci da wanda mara lafiya ke iya gaya wa gaskiya ba lallai su zama mutum ɗaya ba. Ka tafi da wanda take sakin jiki da shi, ko da goyo, ko da jego. In ma'aikaciya ta ce ka fita, ka fita. Kalmar "da sauƙi" gaisuwa ce, kada ka kai wa likita ita a matsayin amsa. In kuma gwaji ya ce lafiya, mai jiki ya ce ba lafiya, kada ka yi wa mai kawo maka labari tsawa.

Na yi fushi da Rabi, ba zan ɓoye ba. Har aka yi sadakar arba'in gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ranar da aka watse na same ta a ɗakin Inna tana ninke zannuwa, jaririyarta na barci a kan gadon. Na tsaya a bakin ƙofa.

"Rabi, mi yas sa ba ki hwaɗa min ba?"

Ba ta ɗago ba. "Na ɗauko hwaɗi, Yaya. Ranar da kac ce ko na hi likita sani, abin da na kira in hwaɗa maka ke nan. Na ce ko da alkawali, sai na karya shi."

Na shiga na zauna a ƙasa, karo na farko da na taɓa zama a cikin ɗakin nan. Can na ce, "Ita kuma mi yas sa ta hana? Don kuɗi? Ai da na nemo."

Rabi ta ajiye zanin da ke hannunta.

"Ba kuɗi ba ne. Na tambaye ta, har da kuka. Tac ce, ke ba ki san mutumen Yelwa ba, ni na san shi. In yaj ji na hwaɗi, aikinai zai bari shi zo shi zauna bakin ƙohwata dare da rana. Shi za ya ce shi ka ɗaga ni, shi ka ba ni ruwa. Ni kuwa ba ni iya korar shi, kuma ba ni iya kallon shi. Ki bar min yarona shi yi aikinai."

Na ce, "Haka tac ce? Yarona?"

Rabi ta ce, "Kullum haka take cewa in ba ka nan."

Allah ya jiƙan Inna, ya sa ciwon nan ya zama kaffara gare ta. Gaskiya ta faɗa, da na ji da na zo na zauna.